Ƙwai Biyar a Ƙarƙashin Durgu

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Na ga abin da kuka nuna mini: mutum ya sa ƙwai a ƙarƙashin kaza, kafin ka ƙifta ido ga 'yan tsaki suna yawo. Ban ce ƙarya ya yi ba. Amma kwana ashirin da ɗayan da ke tsakani bai nuna muku ba, kuma aikin duk a cikinsu yake. Kun ce za ku fara kiwon kajin Hausa a bayan gidajenku, wai ba su da wahala, su ke nemar wa kansu abinci, su ke ƙyanƙyasa da kansu. To, ku zauna a kan bencin nan. Ni ba zan iya zama ba, kaji uku ne ke kwanci yanzu haka, kunnena yana wajensu. In kun ga na bar ku a tsakiyar magana, ba raini ba ne.

Sunana Sabo, daga wani ƙauye nake gabas da Ringim. Na haura shekara talatin a wannan gida na Nassarawa. Da aikin gadina na shigo: ban ruwa, yankan ciyawa, sharar ganyen mangwaro. Maigidan ya rasu ban daɗe da zuwa ba, Hajiya ce ta riƙe gidan, tsohuwar shugabar makaranta ce, mace mai son a yi abu a kan lokacinsa. Kaji kuwa a lokacin ba ruwana da su. A garinmu harkar mata ce, namiji sai dai ya yanka.

Aikin kaji na farko da na yi, Iya Tabawa ce ta sa ni. Ita ce kukun gidan, mutuniyar wajen Bakori, kajin da ke bayan kicin duk a hannunta suke. Gwiwa ta fara damunta, ba ta iya durƙusawa. Wata safiya ina jan tiyo ta ce, "Kai Sabo, zo ka ɗaga mini jar kazar can, ka ƙirga abin da ke ƙarƙashinta." Na je na cafko kazar ta fukafukai kamar zan kai ta yanka. Ta yi tsalle, ta sare ni a hannu, ƙwai biyu da ta maƙale a cikin fiffike suka faɗo suka fashe. Iya ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kwana goma sha takwas ta yi a kansu. Saura uku." Na duba ƙasa, ga 'yan tsaki biyu da gashinsu da ƙafafunsu, ɗaya har yana motsa baki. Ta ce tunda hannuna ne ya yi ɓarnar, daga yau ni ne gwiwarta.

Shekara shida na yi ina durƙusa mata. Abu na farko da ta koya mini shi ne ba kowace kaza da ta zauna a gurbi ce mai kwanci ba. Wata za ta zauna kwana biyu, ta yaudare ka ka zuba mata ƙwai goma sha biyu, rana ta huɗu ka gan ta tana bin zakara a gindin lemo. Mai kwanci ta gaskiya, in ka sa hannu a ƙirjinta za ka ji ta fige gashin wurin da kanta, fata ce zalla mai zafi. Tana baje jiki a gurbi kamar faifai. In ka matso sai ta kumbura, ta yi wani gunaguni da ba ta yi a sauran lokuta. Sau ɗaya take sauka a yini, ta ci, ta sha, ta yi kashi babba mai wari, ta yi birgima a ƙasa, ta koma da gudu. Ko duk ta nuna wannan, Iya ba ta yarda sai an gwada ta kwana uku a kan baragurbi, wato ƙwan da ya riga ya lalace. In ta daure, sannan a ba ta na gaske.

Na gasken ma da dokarsa. Kada ya wuce sati guda da sakawa, kada a wanke shi, kada a bar shi a rana. A cikin kasko muke jera su a kan yashi mai sanyi, tsinin yana kallon ƙasa. Kowanne sai an yi masa alama da fensir, domin sauran kaji suna zuwa su saka nasu a gurbin mai kwanci, in ba alama ba za ka san sabo da tsoho ba, ranar ƙyanƙyasa sai ta tashi da rabi ta bar rabi. Gurbin kuma rabin tulu ne ko tsohon kwano, yashi mai ɗan damshi a ƙasa, toka a kai, sai busasshen ganyen darbejiya saboda ƙuma. Ƙuma kaɗai ta isa ta tashi kaza daga kan ƙwai saura kwana biyu. Na ga haka ya fi sau goma.

Kayan aikina ga su can a cikin bokitin ƙarfe: tocila, fensir, filaya, ƙusa, guntun waya, rariya, kwando mai murfi. Ba wani abin nunawa. Tocilar ce babba a cikinsu. In ƙwai ya kwana takwas zuwa goma, sai in jira kazar ta sauka cin abinci, in kwasa a kwando, in shiga sito in rufe ƙofa, in haska su ɗaya ɗaya. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja kamar saiwar ciyawa, da ɗan baƙin abu yana lilo. Wanda haske ya ratsa tas, wannan ba komai a ciki, a cire shi kafin ya ruɓe ya fashe ya ɓata 'yan'uwansa. Duk wannan dole a gama kafin kazar ta gama birgima. In ta dawo ta tarar da gurbi wayam, wata ba za ta sake zama ba. Ita Iya ko tocila ba ta amfani da ita, hannu take dunƙulewa ta ɗaga ƙwan wajen hasken taga, kuma ban taɓa kama ta da kuskure ba.

Akwai kuma wadda ba ka so ta yi kwanci amma ta nace. Za ta zauna a kan dutse wata guda har ta rame ta mutu. A ƙauye ruwa ake tsoma ta. Ni keji na yi mai gindin raga, in rataye shi a inuwa, iska tana bugun ƙirjinta ta ƙasa. Kwana uku zuwa huɗu zafin ya sauka, ta manta.

Ku ɗan dakata. A'a, zakara ne kawai, ya ga inuwar tattabara.

Kun ga abin da nake faɗa muku. Kukan zakara ma iri iri ne, sai ka san wanda yake na sama da wanda yake na ƙasa. Mutane suna ganin tunda unguwar nan akwai katanga da waya da maigadi, ba abin da zai taɓa kaza. Katanga mutum take tsarewa. Shirwa ta taɓa ɗauke mini ɗan tsako a tsakanin ƙafafuna ina zuba musu tsaki da hantsi, iskar fiffikenta kawai na ji a wuya. Tun daga nan ba na sakin uwa da 'ya'ya a fili sai sun yi sati uku, in ma za su fita sai ƙarƙashin shingen fure inda za su ruga su ɓuya. Wasu suna rina 'yan tsaki da shuɗi ko ja don shirwa ta kasa gane su. Na gwada, yana aiki na ɗan lokaci, daga baya ta gane. Hankaka shi ƙwai yake so, ya huda ya shanye ya bar maka ɓawo a kan katanga. Muzuru in ya samu shiga, kai da wuya yake ci. Tunku kuwa ba don yunwa yake kisa ba, na taɓa buɗe akurki da asuba na tarar da bakwai a kwance, ɗaya kawai ya ci. Ramin da ya bi ya shiga, yatsuna uku ne suka cika shi. Shi ya sa raga mai manyan ido ba ta da amfani, ku nemi mai ƙananan ido, ku binne gindinta a ƙasa kamu guda, don gafiya haƙa take yi. Ita gafiya mirgina ƙwai take har bakin raminta, a can za ka tarar da ɓawon. Ranar ƙyanƙyasa kuma ƙananan abubuwa ne abin tsoro: tururuwa tana jin ƙarnin ƙwai ta shiga ta hudar da ɗan tsako ya yi, ta gama da shi tun bai fito ba.

Bayan Iya ta tsufa ta koma gida, kajin suka dawo hannuna gaba ɗaya, sannu a hankali kuma maganata ta zaga unguwa. Direbobi da masu gadi suka fara zuwa da ƙwai a cikin kwali, na iyayen gidansu: na zabi, na talo-talo, na agwagwa. Hajiya ta ce in dai aikin lambu bai tsaya ba, in yi. Masu injin ƙyanƙyasa su ne suka fi zuwa a gigice. Wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, sai ka ga mota ta tsaya, an fito da ƙwai talatin a naɗe cikin tawul, wai in taimaka. Ina zan samo kaji uku masu kwanci a take? Kwanci ba famfo ba ne da za a murɗa. Wata Hajiya daga Giginyu ta taɓa aiko mini da kiret guda na ƙwan shago, irin na kajin gidan gona waɗanda ba su taɓa ganin zakara ba, ta ce farare take so. Na yi wa direbanta bayani, ya koma, ya dawo ya ce ta ce in dai gwada. Na ce masa ya mayar mata ta soya, ko shekara kaza ta yi a kansu ba abin da zai fito.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda aka rushe gidan da ke bayanmu. Tsohon gida ne tun na zamanin Turawa, fili ne makeke, ba kowa a ciki shekara da shekaru. Ciyawa ta fi mutum tsawo, ga manyan bishiyoyi, ga tsohon wurin wanka da ruwan sama ke taruwa a ciki. Magada suka sayar, aka ce za a yanka shi gida takwas. Farkon damina katafila ta shigo, cikin kwana huɗu ta share komai. Duk abin da ke zaune a wannan kango sai da ya nemi sabon gida, kuma mu ne muka fi kusa. A sati na farko na kashe kumurci a bayan tankin ruwa. A na biyu muzuru ya ɗauke mini uwa ya bar 'ya'ya tara. Ɓeraye kuwa har da rana suke bin katanga. Na ƙara raga, na toshe ramuka da siminti da fasasshiyar kwalba, na ɗana tarko a kowace kusurwa. Ina toshe nan, can yana buɗewa. Abinci ma a tsaye nake ci.

Ana cikin wannan ne Injiniya, babban ɗan Hajiya da ke aiki a Abuja, ya zo da ƙwan dawisu guda biyar a cikin akwati da auduga. Wani abokinsa ne ya ba shi. Ya ce, "Baba Sabo, Hajiya ta daɗe tana son dawisu a gidan nan. Na ba ka amana." Na ce masa lokacin bai yi kyau ba, ya ce ai ni ne gwani.

Ina da wata kaza gajeriya mai guntayen ƙafafu, muna ce mata Durgu. Ba ta da kyan gani, amma sau bakwai tana kwanci ba ta taɓa tashi daga kan ƙwai ba, har na agwagwa mai kwana talatin da biyar ta ƙyanƙyashe. Ita na ba su. Na sa gurbinta a ɗan ɗakin da ke jikin katangar baya, ƙasansa siminti, ƙofarsa raga. Da safe nakan buɗe ƙofar don ta sauka lokacin da take so, da magariba in ƙirga in kulle.

Rana ta tara da safe biyar ne. Da la'asar na ƙirga huɗu. Ba ɓawo, ba gwaiduwa a gashin kazar, ba rauni a jikinta, tana zaune lafiya lau. Na tone gurbin, na duba bayan buhunan dusa, na zaga katanga. Babu. Rana ta goma sha uku haka ta sake faruwa, saura uku. Duk tsakanin azahar da la'asar ne, lokacin da nake tafiya masallaci in biya in ci abinci.

A wannan lokacin mutum ɗaya ne ke bayan gida, Malam Isa maigadi. Mutumin wajen Ɗambatta ne, sa'ana, shekararsa goma sha huɗu a gidan. Da rana yakan bar ƙofa a kulle ya zo ya kishingiɗa a gindin mangwaro kusa da ɗakin kajin. Tare muke cin abinci, tare muke jin rediyo.

Ranar Asabar Injiniya ya zo, Hajiya ta sa aka kira ni falo. Ya ce, "Baba Sabo, me ke cinye ƙwan nan?" Na ce ban sani ba tukuna. Ya ce, "Shekara nawa kana wannan aiki, ka ce ba ka sani ba?" Maganar ta sosa ni. Maimakon in tsaya a kan ban sani ba, sai na ce, "Ranka ya daɗe, kowace dabba tana barin shaida. Gafiya ɓawo, hankaka ɓawo, maciji in ya haɗiye ba ya iya nisa. Wannan ba shaida ko ɗaya. Abin da ke ɗaukar ƙwai haka, hannu gare shi."

Ban ambaci sunan kowa ba. Ba a ma buƙaci in ambata ba. Injiniya ya tambaya ko wane ne ke bayan gida da rana, aka faɗa masa. Ya tambaya ko Malam Isa yana kiwo, direba ya ce matarsa tana da kaji a Tudun Murtala. Hajiya ta ce wa ɗanta, "Bashir, a bi a hankali." Ya ce ai dubawa kawai za a yi, in ba komai shi ke nan. Aka kira Malam Isa, aka buɗe ɗakinsa, ba a ga komai ba. Sai Injiniya ya ce direba ya kai mu gidansa, ni da shi, tunda ni ne na san ƙwan dawisu in na gani.

Muka isa gidan Malam Isa. Gidan haya ne, tsakar gida ɗaya da mutane da yawa. Ya yi sallama, ya ce wa matarsa Ladi, "An zo duba kazarki." Matan gidan suka firfito, yara suka taru. Kazar tana kwanci a cikin wani tsohon kwali a bayan murhu. Da rana tsaka, a gaban baƙin fuskoki, na durƙusa na ɗaga ta. Ta yi ihu, ta ƙwace, ta haye katanga. Ƙwai goma sha ɗaya, duk na kaza. Malam Isa ya ce, "Ka ƙirga da kyau, Sabo. Kada a sake aiko ka."

Da muka dawo na faɗi abin da na gani. Injiniya ya ce rashin gani ba ya nufin ba a ɗauka ba, wataƙila an sayar. Ya ce Malam Isa ya ƙarasa wata ya tafi, kafin nan kuma kada ya sake zuwa bayan gida. Ya hau jirgi ya koma.

Rana ta goma sha bakwai, Malam Isa yana bakin ƙofa tun safe bai motsa ba, ƙwai na uku ya ɓace.

Na tsaya ina kallon simintin nan. Sai a lokacin na gane wautata. Na ce ba shaida, alhali a kan siminti ko saniya ce ta wuce ba za ta bar sawu ba. Na ɗebo toka daga kicin, na tankaɗe ta da rariya a duk ƙasan ɗakin da gefen katanga, siririya kamar hoda. Kwana biyu ba komai sai sawun Durgu. Rana ta uku da na dawo daga masallaci na ga wani layi a tokar, kamar an ja igiya, gefe da gefe kuma sawun farata dogaye. Bai kai ga gurbin ba, da alama kazar tana kan ƙwan, sai ya juya. Na bi layin, ya kai ni bakin magudanar ruwan sama da ke ratsa gindin katanga ta fita tsohon kangon. Na sa mata raga tun bara, amma da na taɓa sai ta ɗago kamar murfi, tsatsa ta cinye ƙusoshin ƙasa.

Washegari a nan na yi azahar, na ɓuya a bayan buhunan dusa. Rana ta take, Durgu ta sauka ta tafi birgima. Ba a yi minti biyar ba ragar ta motsa. Kai ya fara fitowa, harshe yana shiga yana fita, sannan jikin, ya kusa tsawon hannuna biyu har wutsiya. Guza ne. Kai tsaye ya nufi gurbi, ya san hanya. Na yi kansa da sanda, ya juya ya faɗa magudanar kafin in ɗaga hannu. Haɗiye ƙwan yake ɗungurungum ya koma, shi ya sa ba ɓawo.

Zan iya toshe ramin in yi shiru. Amma in ba a gan shi da ido ba, Injiniya zai ce labari na ƙirƙira. Ni kuma ban iya kama guza ba. Mutum ɗaya na sani a gidan da ya yi farauta yana saurayi. Na je bakin ƙofa na tsuguna, na ce, "Malam Isa, guza ne. Na gan shi." Ya ci gaba da jan carbinsa, can ya ce, "Ashe yana da hannu." Na ce, "Yana da shi, har huɗu. Ni ne ban da hankali. Ka taimake ni mu kama shi." Ya ce an hana shi zuwa baya. Na je na faɗa wa Hajiya, ta fito da kanta har bakin ƙofa, abin da ban taɓa gani ba, ta ce, "Malam Isa, don Allah ka je."

Da wayar birkin keke ya yi zarge, ya ɗaure a jikin turke, ya saita shi a bakin magudanar, ya ajiye baragurbi gaba kaɗan. Ya ce kada kowa ya wuce ta wurin, dabbar tana jin motsi ta ƙasa. Kwana biyu bai zo ba. Rana ta uku muka ji bugun wutsiya a jikin katanga kamar ana dukan katifa. Malam Isa ya taka wuyansa, ya ɗaure bakin da ƙafafun, ya kai shi har ƙofar falo ya ajiye. Hajiya ta sa aka ɗauki hoto aka tura Abuja. Injiniya ya bugo waya, ya ba da haƙuri, ya ce a manta da maganar tafiya. Malam Isa ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gode. Ranar da wata ya ƙare ya naɗe tabarmarsa, ya miƙa makullai. Hajiya ta aika masa sau biyu, ya ce ya samu wani wuri.

Cikin ƙwai biyun da suka rage, ɗaya ne ya ƙyanƙyashe, ɗayan ya mutu a cikin ɓawo. Namiji ne. Durgu ta rene shi har ya ninka ta girma, yana bin ta yana neman shiga ƙarƙashin fiffikenta.

Sai da aka kwana biyu na iya zuwa Tudun Murtala. Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar. Na ce na zo neman gafara. Ya ce, "Ni na yafe maka tun ranar da ka tsuguna. Amma ba kazata ka ɗaga ba. Ladi za ka nema." Ya shiga ya kira ta, ta tsaya a zaure. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce, "Ba komai, Malam, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai dai kazar nan tun da ka ɗaga ta ba ta koma ba. Saura kwana huɗu ne. Duk goma sha ɗayan na zubar."

Ni da na fi kowa sanin ba a ɗaga mai kwanci da rana a cikin taro, ko a raina ban kawo ba sai da ta faɗa.

Da Durgu ta yaye ɗan dawisun ta fara saka, na nemi izinin Hajiya, na sa ta a kwando na kai wa Ladi. Malam Isa ya ce ba sai an yi haka ba. Ita Ladi ta ciro kazar, ta juya ta, ta duba ƙafafun, ta shafa ƙirjin. Ta ce, "Gajeriya ce." Na ce, "Ki gwada ta." Ta sake ta a tsakar gida, ta watsa mata gero.

Shekara uku Durgu ta ƙara yi a hannunta. Duk ƙyanƙyasar da ta yi, Ladi takan aiko a faɗa mini ko nawa ne suka fito. Shi kuwa Malam Isa mukan haɗu a masallacin Juma'a, mu gaisa, ya tambaye ni kaji, in tambaye shi iyali. Har ya rasu bai sake taka ƙofar gidan nan ba.